Daga Zauren 'Yandoto zuwa Ajin Tudun Wada: Yadda Muka Riƙa Koyon Kalmomin Baƙon Harshe

A ƙasar Tsafe, ba nisa da hanyar da ta taso daga Funtuwa zuwa Gusau, akwai kufan tsohon birnin 'Yandoto. Kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, garin yana ƙarƙashin Katsina, kuma ya yi suna da malamai da almajirai masu zuwa neman ilimi daga nesa. A can Malam Sambo ɗan Ashafa ya zauna kafin ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, shi ya sa har yau ake kiran sarkin garin Sarkin Katsinan Gusau. Malaman 'Yandoto sun karanta littattafai a harshen da ba a magana da shi a kasuwarsu, ba a kuma yi musu reno da shi ba. Duk da haka sun mallaki dubban kalmominsa, har suka yi jayayya da fatawa da shi.

Yau, a unguwar Tudun Wada ta Gusau, yaro yakan shiga aji uku a rana ɗaya: makarantar allo da asuba, boko da hantsi, Islamiyya da yamma. A biyu daga cikinsu Larabci yake fuskanta, a ɗaya Turanci. Tambayar da ke gaban malamansa ita ce wadda ta kasance gaban malaman 'Yandoto: ta yaya ake sa kalmar wani harshe ta zauna a kan ɗalibi, ta zama tasa? Tarihin wannan yanki ya ba da amsa fiye da sau ɗaya, kuma amsoshin sun yi kama da juna fiye da yadda muke zato.

Hanyar zaure

Karatun allo ba koyon ma'ana ba ne, kuma bai taɓa da'awar haka ba. Yaro yana farawa da babbaƙu, ya wuce farfaru, ya iya haɗa baƙi, sannan ya bi surori har sauka. Abin da yake samu shi ne sautin Larabci da siffarsa a rubuce. Koyon kalma da ma'anarta sai a mataki na gaba, wato karatun zaure, inda ɗalibi ke durƙusawa gaban malami da littafinsa.

Tsarin sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a irin wannan zaure. Ɗalibi ya karanta kalma ɗaya ko biyu, malami ya faɗi ma'anarsu da Hausa ko Fulatanci, ɗalibi ya ci gaba. Haka za a bi darasin gaɓa-gaɓa. Gobe kafin a ƙara masa, sai ya maimaita na jiya. Sauran ɗalibai suna zaune suna saurare, don haka wanda ke karatun Ahalari yana jin fassarar Risala shekaru kafin ya kai gare ta. Masu himma sukan rubuta ma'anar kalma mai wuya da ajami a tsakanin layuka ko a gefen shafi, kuma irin waɗannan rubuce-rubuce suna nan a tsofaffin kwafe-kwafen da ke ajiye a Sakkwato, Kano da Kaduna. A Barno ma an yi haka da tsohon harshen Kanembu a gefen shafukan Alƙur'ani tun ɗaruruwan shekaru.

Abin lura shi ne ba a ba ɗalibi jerin kalmomi tsirara ya haddace. Kowace kalma tana zuwa cikin jumla, jumlar kuma cikin mas'alar da ɗalibi ke bukata: tsarki, salla, azumi, ciniki, gado. Littattafan fiƙihun Malikiyya suna bin juna hawa-hawa, daga Ahalari da Ishmawi zuwa Iziyya da Risala, har Muhtasar. Babi ɗaya ne ake komawa kansa, amma kowane littafi ya fi na baya faɗi. Kalmar da aka haɗu da ita a babin alwala na littafin farko za a sake haɗuwa da ita a na biyu da na uku, kowane karo da ƙarin 'yan'uwanta.

Akwai kuma littattafan da ake karantawa musamman domin lugga. Ishiriniyar Alfazazi, wanda ya rasu a 1230, waƙar yabon Annabi ce, amma malamai sun mai da ita rumbun kalmomi. Tun a ƙarni na 17 Ɗan Masanin Katsina, wanda ya rasu a 1667, ya yi mata sharhi. Akwai waƙoƙin mawaƙan jahiliyya shida, da Daliyar Alyusi, da Maƙsurar Ibn Duraid, da Maƙamat ɗin Hariri, labarai hamsin da aka cika da kalmomi baƙi da gangan. Abdullahi ɗan Fodiyo, a littafinsa Ida'un Nusukh inda ya lissafa malamansa, ya ambaci cewa ya karanta Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin mawaƙan nan shida a wurin yayansa Shehu. Su biyun sun yi kusan shekara biyar suna wa'azi da karantarwa a ƙasar Zamfara kafin jihadi. Dalilin zaɓar waƙa a fili yake: kari da amsa-amo suna riƙe kalma a ƙwaƙwalwa, kuma wanda ke rera Ishiriniya duk daren Juma'a yana bitar ƙamus ne ko bai yi niyya ba.

Sarfu shi ne ya ninka abin. Da zarar ɗalibi ya gane cewa kataba da katib da maktub da kitab duk daga saiwa ɗaya suka tsiro, kalma ɗaya ta zama goma. Abdullahi ya wallafa Hisnur Rasin a waƙe kan wannan fanni, da Bahrul Muhit kan nahawu. Shi kuwa babban ƙamus na Firuzabadi sai malamin da ya yi nisa yake buɗa shi. Sunan littafin, Alƙamus, asalinsa teku yake nufi, kuma daga gare shi Hausa ta sami kalmar ƙamus.

Hanyar tana da rauninta. Tana da jinkiri, kuma kaɗan ne ke kai ƙarshenta. Ta fi samar da mai karatu da rubutu fiye da mai magana, har akan sami malamin da zai warware Hariri amma hira da Balarabe ta yi masa nauyi. Wani lokaci fassarar kanta takan daskare, ɗalibi ya haddace tsohuwar Hausar da shi ma bai san ma'anarta ba. Amma shaidar nasararta tana bakinmu: littafi, alƙalami, allo, tawada, alƙali, hukunci, lissafi, labari, lokaci, duniya, lahira. Yawancin waɗannan daga zaure suka fito suka shiga gari.

Lokacin da Hausa ce baƙon harshe

A ƙarni na 19 al'amarin ya juya, aka sami waɗanda Hausa ce suke son koyo. James Frederick Schön, Bajamushe ɗan mishan, ya shiga tafiyar binciken kogin Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya kuma buga jerin kalmomin Hausa a 1843. Jerin bai kai shi ko'ina ba sai da ya sami mai magana. A 1855 Heinrich Barth ya koma Ingila da samari biyu, Dorugu da Abbega. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, kuma daga bakinsa Schön ya rubuta labarai da tatsuniyoyi da tarihin rayuwarsa. Bayan haka ne nahawunsa na 1862 da ƙamus ɗinsa na 1876 da Magana Hausa na 1885 suka fito. Shi ma Baturen sai da ya durƙusa gaban mai harshe, ya ji kalma cikin zance.

Bayan cin Sakkwato a 1903, gwamnatin mulkin mallaka ta wajabta wa jami'anta cin jarrabawar Hausa. Wannan bukata ce ta haifi ƙamus ɗin G. P. Bargery na 1934, mai kalmomi kusan 39,000, wanda ya tattara ta hanyar zagaya garuruwa da zama da malamai, yana nuna wace kalma ce ta Sakkwato, wace ce ta Katsina ko Kano. Ƙarfinsa yana cikin misalansa: kusan duk kalma mai nauyi an sa ta cikin jumla ko karin magana. A gefe guda kuma, a barikin soja, inda ake koyon kalmomin umarni kawai ba tare da zaman hira ba, abin da ya fito shi ne Barikanci, Hausa mai ƙarancin kalmomi wadda ta ishi fareti amma ba ta ishi shari'a ba.

Jirgin ƙasa da kasuwa

Layin dogo daga Zariya ya iso Gusau ya wuce Ƙauran Namoda a 1929. Auduga da gyaɗa suka jawo kamfanonin Turawa, 'yan kasuwa Yarabawa da Ibo, da ma'aikata daga sauran ƙasar Hausa. Unguwanni irin su Sabon Gari da Tudun Wada suka bunƙasa da baƙi. Nan aka buɗe wata makarantar da ba ta da allo ba ta da malami. Manomin Bungudu ko Kwatarkwashi da ya kawo audugarsa ya koyi sikeli da tan da fam da sule da sisi da kwabo, domin rashin saninsu asara ce a aljihunsa. Lebura ya koyi tasha da tikiti da fasinja da direba. Bayaraben da ya buɗe kanti ya koyi Hausa cikin 'yan watanni, domin mai saye ba zai jira shi ba.

Kasuwa ta nuna abin da zaure ya riga ya sani: kalmar da mutum ke bukata, yake kuma jin ta kullum, ba ta ɓacewa. Amma ta nuna iyakarta. Kalmomin ciniki 'yan ɗaruruwa ne. Ba su isa a karanta takardar yarjejeniya ko littafin kimiyya ba. Wannan sai makaranta.

Boko da ƙidayar kalmomi

Makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara. Tsarin da ya biyo baya shi ne yaro ya yi elementare da Hausa, ya iya karatu da rubutu da lissafi, sannan ya shiga Turanci sosai a Midil. 'Yan kaɗan da suka yi fice su wuce Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922. Ahmadu Bello ya bi wannan hanya, ya koyar a Midil ta Sakkwato, daga baya a 1938 aka turo shi Gusau. Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta samar da abin karantawa: Magana Jari Ce na Abubakar Imam a ƙarshen shekarun 1930, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939. Saboda haka yaron da ya fara Turanci ya riga ya san mene ne karatu. Abin da ya rage masa sababbin kalmomi ne, ba sabuwar sana'a ba.

A daidai wannan lokaci, masana a wasu ƙasashe suna ƙirga kalmomin Turanci. A 1921 Edward Thorndike na Amurka ya fitar da jerin kalmomi 10,000 da suka fi yawan fitowa a rubuce. Michael West, wanda ya koyar a Dhaka ta ƙasar Bengal, ya lura cewa littattafan da ake ba yara suna cushe da sababbin kalmomi har yaro ya kasa bin labari. Sai ya sake rubuta su: ya rage baƙin kalmomi a kowane shafi, ya warwatsa su, ya tabbatar kowace ta sake fitowa sau da yawa bayan zuwanta na farko. Aikinsa da na abokansa ya kai ga jerin da aka buga a 1953, mai kalmomi kusan 2,000 da ake ganin su ne ginshiƙin Turanci. Littattafan karatun da kamfanonin Oxford da Longman suka yi wa makarantun Afirka a kan wannan tunani aka gina su.

In aka duba da kyau, West ya gano da ƙidaya abin da malaman zaure suka gano da gado: a fara da kalmomin da suka fi amfani, a sa su cikin zance, a hau da su mataki-mataki, a yawaita komawa kansu. Bambancin shi ne zaure ya dogara da fassarar malami, boko kuma ya dogara da littafi mai sauƙi da yaro zai karanta shi kaɗai. Malaman da aka horar a wurare irin su kwalejin Maru, inda Malam Aminu Kano ya koyar kafin ya ajiye aiki a 1950, kuma Abubakar Mahmud Gumi ya koyar a wannan zamani, da yawansu sun fito daga zaure suka shiga aji. Sun san hanyoyin biyu. Larabci ma ya ɗauki sabon salon: Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, wadda ta samo asali a 1934, ta kawo malamai daga Sudan, daga baya kuma makarantun Islamiyya suka rungumi littattafai masu hoto da gajerun jumloli, irin wanda ɗalibai ke kira Bari da Biba.

Inda igiyar ta tsinke

A shekarun 1960 Jihar Arewa ta karkata ga fara Turanci tun ajin farko, da fatan cike tazarar da ke tsakaninta da Kudu. A 1976 shirin ilimin firamare na bai-ɗaya ya buɗe ƙofa ga miliyoyin yara cikin shekara ɗaya, aka ɗauki malamai da gaggawa, littattafai ba su wadatu ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da harshen uwa a shekarun farko na firamare, kuma gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci ba su yi baya a Turanci ba. Amma rubutu a takarda daban, abin da ke faruwa a aji daban.

Abin da ya wanzu a ajujuwa da yawa gauraye ne na mafi raunin hanyoyin biyu. Daga allo an ɗauki rerawa da murya ɗaya, aka bar fassarar zaure da ke zuwa bayanta. Daga boko an ɗauki jerin kalmomi a kan allon bango, aka bar littafin labari da jerin ya kamata ya yi wa hidima. Malami ya rubuta kalmomi goma da ma'anoninsu da Turancin da ya fi su wuya, yara su kwafa, a yi gwaji ranar Juma'a, ba a sake waiwayarsu. A wasu makarantu ma ana cin tarar wanda ya yi Hausa, wato an hana yaro tsanin da zai taka. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka haddace ba ma'ana, ba bita, yawancinsa yana zubewa cikin 'yan kwanaki.

Girman aikin ma ya kamata a san shi. Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington ya ƙiyasta a 2006 cewa mai karatu yana bukatar sanin kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya fahimce shi ba da taimako ba, wato kalma ɗaya tak cikin hamsin ce za ta zama baƙuwa. Don kai wa haka a littafi ko jaridar Turanci, ana bukatar iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Kalma goma a mako, mako talatin da 'yan kai a shekara, da ƙyar za ta kai yaro rabin wannan adadi ko ya yi shekara goma sha biyu bai manta ko ɗaya ba. Sauran sai ta karatu mai yawa. Ɗalibin Tsafe da ya faɗi jarrabawar kimiyya sau da yawa ba kimiyyar ce ta kayar da shi ba. Kalmomi uku ne a cikin tambayar bai sani ba, kuma a kansu aka yanke masa hukuncin shiga jami'a ko zama gida.

Abin da tarihin ya bar mana

Duk inda koyon kalma ya yi nasara a wannan ƙasa, abubuwa uku sun haɗu. Na farko, an ba da ma'ana da harshen da ɗalibi ya sani, a gajarce, ba kunya. Malamin zaure bai taɓa ganin fassara da Hausa ta rage wa Larabci daraja ba. Na biyu, kalmar ta zo cikin nassin da ɗalibi ke da dalilin fahimta, ko mas'alar alwala ce, ko farashin auduga, ko labarin da yake son jin ƙarshensa. Na uku, an koma kanta sau da yawa, a ranaku daban-daban, cikin jumloli daban-daban.

Babu ɗaya cikin ukun da ke bukatar kwamfuta. Malamin Turanci a Tudun Wada zai iya karanta gajeren labari da ɗalibansa jumla-jumla, ya fassara kalma mai wuya da Hausa, ya sa a maimaita na jiya kafin a ƙara na yau, ya nuna musu yadda saiwa ɗaya ke haifar da kalmomi biyar kamar yadda mai sarfu ke yi. Malamin Islamiyya zai iya aro daga West, ya ba yara labarai masu sauƙi su karanta da kansu, ya kuma sa su yi magana. Cibiyoyin da ke horar da malamai a jihar, wato kwalejin ilimi ta Maru, da ta tarayya da ke Gusau, da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, suna da damar koyar da hanyoyin biyu a matsayin gado ɗaya. Iyaye masu hali kuma su sani cewa littattafan labari ashirin a gida sun fi littafin jerin kalmomi guda.

Hausar kanta tana cikin lissafin. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, yana bayyana Hausa da Hausa, kuma manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun tattara waƙoƙin makaɗan baka masu ɗauke da kalmomin da ke ɓacewa daga bakin matasa. Yaron da rumbun Hausarsa ya cika shi ne ke da abin da zai rataya baƙuwar kalma a kai. Wanda bai san bambancin rance da bashi da jingina a harshensa ba, zai sha wuya kafin ya rarrabe su a harshen wani.